Baba Sifana da Motar Surukinsa

Sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba, don surukina ne, kuma ko bayan ransa harshena bai saba ba. Ku mutanen Gwaram da Birnin Kudu da Baba Sifana kuka san shi, kuma duk wanda ya san shi ya san buhun nan. Tsohon buhun taki ne da ake ɗaure wa baki da robar tayar keke. A ciki akwai sifana, da filaya, da zarto, da guduma mai tsagaggiyar ƙota, da gwangwanin madara cike da kusoshin da ya tsinto a hanya ya miƙar da abinsa. Ko ɗaurin aure za shi, da buhun yake tafiya. In ya shiga gidan mutum, bakinsa ne kawai ke amsa gaisuwa, idonsa na can yana kewaye. Kana durƙushe kana cewa, "Baba, kun zo lafiya?" shi kuwa ya riga ya kama ƙyauren zaure yana girgizawa, ya karkatar da kai yana saurare.

"Lafiya lau. Wannan ƙyauren yaushe ya fara kuka?"

Manomi ne fa, kar wani ya ɗauka bakanike ne. Abin da ya haɗa shi da ƙarfe, a ƙuruciyarsa ya taɓa bin wata babbar mota zuwa Kano na ɗan lokaci, aikinsa sa wa taya weji in an tsaya a gangara. Daga can ya dawo da sifana ɗaya da magana ɗaya, kuma a kan maganar nan ya rayu har ya koma ga Mahaliccinsa: "Wanda ya ƙera shi ma hannu biyu gare shi." Rediyo ne, agogon bango ne, keken ɗinkin Inna matarsa ne, babu wanda ya tsira. Maƙwabtansa na Gwaram in sun hango shi da buhu, ɓoye tocilansu suke yi a cikin rumbu.

Su suna da damar ɓoyewa. Ni ba ni da ita. Ni malamin makaranta ne a Birnin Kudu, kuma 'yarsa ta fari, Rabi, nake aure. Kun san dattawan da a kan ɗan fari: bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya kallon fuskarta, in zai ambace ta sai ya ce "mutanen gidan nan". Ni kuma suruki, a gabansa takalmina a cire, gwiwata a ƙasa, kalmomina biyu ne rak: "To, Baba." In na ce a'a na zama marar kunya, surukuta ta ɓaci. In na ce to, kayana su mutu ina kallo. A wannan tsaka mai wuyar na yi shekaru.

Duk ranar kasuwa sai ya shigo motar Gwaram, wai kasuwa ya zo. Ban taɓa ganin ko albasa a hannunsa ba. Kai tsaye gidana zai nufa, ya yi sallama a zaure, ya fara neman mai ciwo.

Wata damina ƙofar banɗakinmu ta sha ruwa ta kumbura, tana gogar ƙasa in za a rufe. Na yi suɓul da baka, na ce zan kira kafinta.

"Kafinta? Hannu uku gare shi?"

"Biyu ne, Baba."

"To matsa."

Ya cire ƙofa ya shimfiɗe ta a tsakar gida, ya zaro zarto. "A ce wa mutanen gidan nan su riƙe min nan." Rabi ta fito ta durƙusa ta kama gefe, kanta a ƙasa, shi ma kansa a ƙasa, zarto na tafiya a hankali kamar ba ya so ya ƙarasa. Aka maƙala, sai ga gefe ɗaya ya fi ɗaya. Aka sauke, aka rage dogon gefen. Aka maƙala, sai wancan ya zama dogo. Tun hantsi ake saukewa ana ragewa, ni ina tsugune ina kallon ƙofata tana komawa taga, bakina na cewa, "Sannu da aiki, Baba." Da la'asar ta yi aka maƙala ta ƙarshe. Wallahi duk wanda ya shiga, daga tafin ƙafa har ƙwauri a waje suke.

Baba ya ja da baya, ya saɓa zarto a kafaɗa, ya daɗe yana kallo.

"Yawwa. Yanzu an huta da gyaran murya. Kana ganin ƙafa ka san da mutum a ciki."

A makon nan matan abokan aikina suka zo wa Rabi yini. Ɗaya ta ɗauki buta ta nufi wurin, ta tsaya, ta duba, ta dawo ta zauna ta ce ta fasa. Kaji kuwa suka samu sabon wurin shan inuwa. Ban iya canza ƙofar ba, don na san ranar kasuwa mai zuwa zai zo duba aikinsa. Tsohon zani muka rataya.

To ana haka Allah ya hore min mota, 'yar Kwatano ruwan toka, wadda na daɗe ina ƙulla ƙudurinta. Na kafa mata rumfar kwano a cikin gida, gefen tsakar gida, ina goge ta safe da yamma. Ranar da Baba ya fara ganinta ya kewaye ta, ya harbi kowace taya da ƙafa, ya sunkuya ya shinshina salansa. Sannan ya miƙe fuskarsa fal fara'a.

"Masha Allah. An samu abin yi."

Jama'a, na ji ana cewa gaba ya faɗi. Ranar nan nawa faɗuwa ya yi har ƙasa.

Ba a jima ba lagireto ya fara ɗiga, ɗan ɗis-ɗis wanda Garba bakanike na bakin tasha zai liƙe kafin in gama shan shayi. Tsautsayi ya sa Baba ya riga shi ganin danshi a ƙarƙashin motar.

"Buɗe min bakinta."

"Baba, da ma akwai wani Garba a bakin tasha…"

"Hannu nawa gare shi?"

Na buɗe. Ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce a ce wa mutanen gidan nan su kawo garin kuka. Na ɗaga kai, karon farko a rayuwata na kusa haɗa ido da surukina.

"A hanyar Kano da garin taba muke toshe yoyo," in ji shi. "To taba ba abin arziki ba ce. Kuka ta fi ta yauƙi, ga ta halal."

Ya zuba ludayi guda. Ya ja baya ya auna girman motar da ido, ya ga ludayi guda ba zai ishe ta ba, ya ƙara.

Washegari aka yi ɗaurin auren wani malaminmu a Sundimina. Ni da sabuwar mota, ai dole in ɗauki manya. Hedimastanmu a gaba cikin farar shadda mai sitaci, wasu dattawan malamai a baya, ina tuƙi ina ƙasaita. Mun yi nisa sai na ga allurar zafi ta hau can ƙololuwa, tururi na fita ta gaba. Na gangara gindin wata bishiya a bakin wani ƙauye. Na ɗaga murfin gaba, Hedimasta ya tattare hannun riga ya matso don ya nuna mana shi ma ya san mota. Ko taɓawa bai yi ba marfin lagireto ya yi tsalle. Fuuu! Koren abu mai yauƙi ya yi sama ya dawo a kanmu.

Allah ya tsare ba wanda ya ƙone, amma farar shaddar nan ta tashi daga aiki. Hedimasta ya kai hannu gemu ya janye, sai ga zaren yauƙi ya biyo hannun. Ƙanshi kuwa ya cika wurin, ƙanshin da kowane Bahaushe ya sani tun yana goye. Wata tsohuwa mai tallan nono da ke wucewa ta tsaya, ta buɗe hanci, ta leƙa cikin injin.

"Sannunku Malamai. Miya dai ta yi, sai dai kun manta daddawa."

Da shanun noman wani bawan Allah aka ja motar zuwa cikin Sundimina, ina zaune ina riƙe da sitiyari, yara na bin mu suna tafi. Mun tarar an shafa fatiha tuni, ana watsewa, saboda haka duk wanda ya halarci ɗaurin auren nan ya ga shigowarmu. Hedimasta kuwa har ya yi ritaya, in an kawo tuwo da miyar kuka a wurin taro, sai ya juyo ya ce, "Malam, ko a kai wa motarka?"

Ranar kasuwa Baba ya zo.

"Yoyon ya tsaya?"

"Ya tsaya, Baba."

Ban yi ƙarya ba. Garba ya ce lagireton ya toshe yadda ko iska ba ta wucewa, balle ruwa.

"To ka gani. Hannu biyu."

Na ɗauka na gama shan kunya a duniya, ashe da saura. Fitilar birki ce ta mutu. Baba ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ya zaro wayoyi ja da baƙi da shuɗi, yana fiƙe su da haƙori yana murɗe wannan da wancan. Can ya ce in taka birki. Na taka. Fitila ta kama, hon kuma ya ɗauka: pooom! Na saki, ya yi shiru. Na sake takawa: pooom!

Na ce a raina, yau dai dole ya yarda an yi ɓarna. Ina! Fitowa ya yi yana karkaɗe riga.

"Na baya ya ga wuta, na gaba ya ji ƙara. Wace mota ce a Birnin Kudu take da wannan?"

Kafin in samu dabarar sulalewa wurin Garba, ya ce ai da ma akwai ta'aziyyar wani tsohon amininsa a Unguwar Ya, mu je in kai shi. Me zan ce? "To, Baba."

Hanyar ƙauye bayan ruwa, rami na bin rami. Duk rami pooom, duk akuya pooom. Masu keke na faɗawa ciyawa suna ɗaga min hannu da yatsu biyar a buɗe. Da muka doshi gidan makokin na hango dattawa jere a kan tabarmi, hannuwa a sama, liman na addu'a, wuri tsit. Na ce wallahi ba zan taka birkin nan ba. Na rage giya, na kashe mota, na bar ta tana gangarawa a hankali. Ta ƙi tsayawa. Ta take buta ɗaya, ta take takalman mutane, ta nufi tabarmar liman. Dole na danne birki iya ƙarfina, kuma wurin gangara ne, in na saki ta tafi. Hon ya dinga kururuwa a kan mutanen da ke cewa amin, har sai da wani ya gudu ya sa wa tayar dutse.

Na fito ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Wani dattijo mai farin gemu ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, in amarya ka kawo, gidan bikin yana gaba."

Baba kuwa ya fito a tsanake, ya gyara hula, ya yi wa jama'a ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya. Da ya zauna ya sunkuya wurin na kusa da shi, da muryar da kowa ya ji, ya ce, "Ka ga yadda birkin ke ci? Ni na gyara shi."

A hanyar dawowa na yanke shawara. Kunyar mutum ɗaya ta sa ina shan kunyar gari guda, abin ya isa. Faɗa masa dai ba zan iya ba, saboda haka na bi ta bayan gida. Na kai wa Garba mota ya warware duk abin da aka ƙulla. Na kira kafinta ya sa sabuwar ƙofa, na kira mai famfo, na kira mai wayarin. Na bi kowane ƙyaure da man keke. Duk safiyar kasuwa kuma sai in kai motar harabar makaranta in kulle, in dawo a ƙafa.

Baba ya zo da buhunsa. Ya girgiza ƙyauren zaure, shiru. Ya sake girgizawa, shiru.

"Motar fa?"

"Tana makaranta, Baba. Lafiyarta ƙalau."

"Famfon nan da ke ɗiga?"

"An gyara, Baba."

"Fankar ɗaki?"

"Ita ma."

Sai ya zauna a kan tabarmar zaure, ya ɗora buhun a cinya. Aka aiko da fura daga ciki, ya kurɓa kaɗan ya ajiye. Ya dubi ƙofar da ke shiga tsakar gida, ya kawar da kai. Ko azahar ba a kira ba ya miƙe, ya ce a gaida mutanen gida. Ranar kasuwa ta gaba ma haka aka yi. Ta bayanta bai zo ba, haka ta bayan wannan.

Ni kuwa sakarai ina ta murna. Mota na tashi da bugu ɗaya, hon ba ya magana sai an tambaye shi. Abin da ban kula da shi da wuri ba shi ne Rabi. Duk ranar kasuwa za ta share tsakar gida tun da sassafe, ta dama fura mai yaji irin wadda yake so, ta rufe da faifai. In aka yi sallama a zaure sai ta tsaya cak da abin da ke hannunta. Da la'asar ta ɗauki furar ta raba wa yara. Ba ta taɓa tambayata ba, ita ma ai 'yar fari ce, bakinta a ɗaure yake.

Bayan an yi girbi na je Gwaram gaisuwa. Baba ya amsa min da mutunci, ya tambayi makaranta da yara, bai tambayi mota ba. Buhun na rataye a jikin ƙusa a zaure, har gizo-gizo ya fara yi masa ado. Na shiga ciki na durƙusa daga nesa don gaida Inna, surukata. Ita ma ba ta magana da ni kai tsaye. Ta amsa gaisuwa a taƙaice, sannan ta juya wurin akuyarta da ke ɗaure a turke tana lasar ɗanta, ta fara zuba mata dusa tana magana.

"Ke dai akuya kin ji daɗinki. Ki lashi ɗanki na fari a gaban kowa, ba mai ce miki marar kunya. Wani kuwa sai ya saɓi buhun ƙarfe ya shiga mota tun daga Gwaram, ya je ya nemo ƙyaure mai kuka, sannan ya samu hanyar shiga tsakar gida ya ji muryar tasa 'yar. Yanzu an ce gidan babu abin da ya lalace. To madalla. Buhu na rataye, mai buhu na zaune."

Kunyar Sundimina da ta Unguwar Ya, in an haɗa su, ba su kama ƙafar wadda na ji a tsakar gidan nan ba. Waɗancan a fuska suka tsaya, wannan har cikin ƙashi na ji ta. Ina malamin makaranta, ina koya wa 'ya'yan mutane karatu, sai da aka yi wa akuya bayani sannan na gane. Ban san yadda na yi sallama na fito ba.

Da na iso gida na shigar da mota rumfarta, na ɗaga murfin gaba, na kwance kan batir na bar shi yana reto. Sannan na kira wayar Baba, wadda ita ma da roba take ɗaure.

"Baba, motar nan ta ƙi tashi."



"Garban naka fa?"

"Ta gagare shi, Baba."

"Ai da ma na faɗa. Hannu biyu gare shi, amma duka na hagu ne."

Washegari ba ranar kasuwa ba ce, motar Gwaram ba ta samuwa da sauƙi. A bayan wata motar hatsi ya zo, a kan buhunan dawa, rigarsa duk ƙaiƙayi, buhunsa a rungume. Ko zama bai yi ba ya wuce rumfa. Na ɗaga masa murfi. Kan batirin nan yana nan yana reto a fili, ko makaho ya shafa zai gane. Baba ya dube shi. Ya juyo ya dube ni. Ni kuma na dubi babban yatsan ƙafata kamar ranar na fara ganinsa.

Sai ya zaro tsumma daga buhu ya lulluɓe batirin.

"Ciwon nan a ciki yake. Sai an shiga ƙarƙashi. A ce wa mutanen gidan nan su kawo kwano su riƙe min notina."

Ya shimfiɗa tabarma ya shige ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ke waje. Rabi ta durƙusa a gefen taya da kwanon sha a hannu. Sai ka ga hannu ya fito da noti, ya jefa a kwano, ƙwal, ya koma. Can daga ƙarƙashi, inda ba mai ganin fuskar wani, murya ta fito.

"Ana samun ruwa a unguwar nan?"

"Ana samu, Baba."

Ƙwal.

"Ciwon ƙafar nan da aka sha fama da shi ana yara, yana tashi da damina?"

"Ya daina, Baba."

"To alhamdu lillahi. A dai riƙa sa takalmi."

Tana amsawa tana yi wa kwano murmushi. Ni na ja gefe ina goge gilashin da ba shi da datti, ina jin ana kwance min mota gaɓa-gaɓa, kuma karon farko ban ji zafin ko noti ɗaya ba. Sai yamma ya fito. Ya mayar da abin da ya tuna wurinsa, sauran ya juye a aljihu, ya ce waɗannan ƙari ne, mai ƙera motar almubazzari ne. Sannan ya juya min baya, ya ɗage tsumman nan, na ji ƙarar sifana sau ɗaya. Na murɗa makulli, mota ta tashi tana karkarwa kamar mai masassara.

Na raka shi tasha ina ɗauke da buhu. Har ya sa ƙafa a mota sai ya tsaya, yana kallon wani wuri can daban, ya ce:

"Malam, nan gaba in motar nan za ta lalace, ta riƙa lalacewa ranar kasuwa. Motar Gwaram ta fi samuwa."

"To, Baba."

Tun daga nan ba a taɓa yin mota mai biyayya irin tawa ba. Ranar kasuwa kawai take ciwo. In na gaji da kwance batir sai in zare fis ɗin wuta, in mota ta huta kuma sai Rabi ta sassauta kan famfo ko ta cire wa ƙyaure ƙusa. Washegari in lallaɓa wurin Garba da motar tana tari, ya leƙa ƙarƙashi, ya dafe kai.

"Malam, don Allah wa ke maka wannan aika-aika?"

"Wani babban injiniya ne daga Gwaram. Kai dai mayar da notinan."

Abokai suna ta yi min dariya, wai na sayi asibiti mai taya huɗu. Hon ya sake haɗuwa da birki har sau nawa, gilashin gefe ya sauka ya ƙi hawa, ƙofar baya da robar keke muke ɗaure ta. Na ci gaba da shan kunya a titi, ba zan ce ta daina zafi ba. Amma furar ranar kasuwa ba ta ƙara komawa wurin yara ba.

Zuwansa na ƙarshe jiki ya riga ya yi rauni. Ni na tare shi a tasha na ɗauko buhun, kuma sai da na riƙe kafaɗarsa sannan ya iya kwanciya a tabarma ya shige ƙarƙashi. Rabi ta durƙusa da kwanonta, da 'yan notinan da suka rage na wancan makon a ciki. Muka jira hannu ya fito, bai fito ba. Ba ƙarar sifana, ba tambayar ruwa, sai numfashinsa kawai muke ji. Can sai ya ce:

"Rabi."

Kwano ya suɓuce, notina suka watse a tsakar gida.

"Rabi'atu. Miƙo min sifanar nan, Allah ya yi miki albarka."

Ni na bi notinan nan har bayan randa, na juya musu baya, na daɗe ina tsinta. Ranar bai kwance komai ba, bai ɗaure komai ba. Da ya fito ya ce motar ta samu sauƙi, a bar ta ta huta. Kafin a yi girbin shekarar aka kira mu daga Gwaram.

Buhun yana wurinmu yanzu, Inna ta aiko da shi, ta ce ya ce a kai wa mutanen Birnin Kudu. A rumfar mota yake rataye. Motar kuwa tun da ya tafi lafiyarta ƙalau, ranar kasuwa ma da bugu ɗaya take tashi, kuma wallahi babu ranar da na fi ƙin jin tashinta kamar wannan.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya yafe mana namu a kansa. Allah ya gyara masa makwanci, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya haɗa shi da 'yarsa ta fari a can, ya kira sunanta a fili. Amin.